Igiyar da Ba Ta Fito a Hoto Ba

Litinin, 2 ga Satumba

Namiji ne! 'Yata Cenning ta sauka yau da hantsi, ita lafiya shi lafiya. Ko bisimilla ban rubuta ba na faɗa tsakiyar zance. To, bisimilla. Na zama kaka. Shekara sittin da shida, sai yau.

Ina ƙarƙashin gida, tsakanin turakun da ke ɗauke da shi, ina ɗinkin taru sai matata Sanneng ta leƙo ta taga, waya a kunne, tana ihu kamar gobara ta kama. Na isa asibiti da takalmi ƙafa ɗaya nawa ƙafa ɗaya nata, ban sani ba sai da ungozoma ta nuna mini tana dariya. Na yi wa yaron kiran salla a kunne. Kunnuwansa irin nawa ne sak, manya, a buɗe. Sanneng ta ce, "Allah sarki yaro, duk abin da za ka ɗauko wurin tsohon nan sai kunnuwan jemage?" Na ce ai da su na ji ranar da kika ce kina sona. Ta ce, "Ƙarya kake, Daeng, ban taɓa faɗa ba." Ko ƙaryata ni za ta yi sai ta haɗa da Daeng, laƙabin girmamawa na wajenmu.

Uban yaron yana kan jirgin dakon kaya, sai nan da mako uku zai sauka. An tsayar da suna da aski ranar kwana ashirin da ɗaya.

Laraba, 4 ga Satumba

Sun dawo gida. Wata uku rundunar ruwa ta ba Cenning hutu. Laftana guda mai ɗaukar hoto a jirgin yaƙi, ga ta zaune a tabarma uwarta na yi mata faɗa a kan yadda ake riƙe jariri.

Da la'asar ta kira ni. Ta ce sun gama magana da mijinta, sunana za a sa wa yaron, Mappasessu. Daɗi ya cika ni. Sai ta ƙara da cewa ranar suna tana so a ɗaura igiya a ƙarƙashin gida a jera tsofaffin hotunana, mutane su ga aikin mai sunan. "Kai ka sa na riƙe kyamara, Baba. Wancan hoton ne ya sa." Ta nuna bangon falo da haɓa.

Ban waiwaya ba. Na san abin da ke wurin.

Alhamis, 5 ga Satumba

An samu awakin suna biyu masu kyau. Gyangyaɗi nake ta yi da rana, kuma ba kukan yaro ne ya jawo ba.

Asabar, 7 ga Satumba

Bari in rubuta labarin hoton nan sau ɗaya. Ban taɓa ba, ko a nan.

Ina da shekara ashirin da takwas wani jirgin sintiri ya ɗauke ni ɗan jagora, don na san duwatsun ƙarƙashin ruwa daga nan har bayan Dutsen Kunkuru. Ban san ko harafi ɗaya ba. A jirgin akwai mai ɗaukar hoto, Saje Wiryo, mutumin tsibirin Jawa, siriri mai yawan tari. Ya ga ina yawan leƙen kyamararsa sai ya fara koya mini. Maganarsa ɗaya ce kullum. "Ja baya tukuna, Sessu. Teku ba ta da kwana, ba ta da bishiya. In ka ɗauki fuska kaɗai, ba wanda zai san ina ne, yaushe ne, me ya sa ta yi haka. Na farko ka ɗauki ruwa da tudu da jiragen duka. Na biyu abin da ya haɗa su. Sai na uku ka je ga fuska." Uku-uku yake kiransa. In na kawo masa fuska ba na farko, sai ya ce wannan hoton aure ne, ba na aiki ba.

Ran da abin ya faru zazzaɓi ya kwantar da shi a tudu, aka rataya mini kyamara. An yi wa wani jirgin busasshiyar kwakwa fashi a makon, ana neman waɗanda suka yi. Muka tare kwalekwalen Tuwo, mutumin garin nan, shi da tsohon ubansa. Ba a samu komai ba sai kifi da gishiri. Kyaftin ya ce duk da haka a ja shi zuwa sansani a bincika. Aka ɗaura igiya, aka ba inji wuta. Gudun ya yi wa kwalekwale yawa. Goshinsa ya fara nutsewa, ruwa na shiga, tsohon ya rungume bencin da yake zaune. Tuwo yana ta ihu, ƙarar inji ta cinye. Sai ya zaro adda ya yi kan igiyar.

Na ɗauki uku, kamar yadda aka koya mini. Na ukun da dogon madubi na ɗauke shi, mai janyo nesa kusa. Daidai lokacin wani sojanmu ya sunkuya a bayan jirgi yana duba ƙulli, sai ƙeyarsa da kafaɗarsa suka shigo. A takarda, ga Tuwo baki buɗe, ido jajir, adda a sama, ga wuyan soja a ƙarƙashinta. Alhali gaba goma ne tsakaninsu. Igiyar kuwa ba ta fito ba sam.

Da na wanke, Kyaftin ya ture biyun farko da bayan hannu ya ɗauki na ukun. "Kai ashe gwani ne!" Ba wanda ya taɓa ce mini gwani a komai. Ya sa aka buga rubutu aka manna a baya, ya ce in dangwala yatsa. Na dangwala. Ya ba ni kwafi ɗaya irinsa. Hoton ya fita a jarida, aka ba ni kaki, na zama mai hoton runduna har na yi ritaya. Aka kai Tuwo birni, ya yi shekara bakwai. Ubansa ya rasu yana ciki.

Na riƙa ce wa kaina alƙalan birni sun san abin da ban sani ba. Ba wai ban sani ba ne ɗungum. Ban tambaya ba dai.

Ina da arba'in da biyar Cenning ta kawo takardar sakamakon makaranta ta ce in karanta, na ce idona na ciwo. Kunyar wannan ta kai ni ajin yamma wurin Malama Hajerah, ni da masu jan taru da masu sayar da kifi, muna ta a, ba, ca kamar yara. Bayan wata takwas, wata rana gida ba kowa, na sauke firam ɗin na juya bayansa. Harafi-harafi na bi da yatsa. "Ɗan fashin teku yana kai wa sojan ruwa sara. Wanda ya ɗauki hoton ya gani ya shaida." Ga yatsana a ƙasa, baƙi ƙirin.

Abu na farko ke nan da na karanta ni kaɗai a duniya ba malama a kaina.

Na mayar da shi kan ƙusarsa. In na sauke za a tambayi dalili. Shekara ashirin da ɗaya ke nan.

Litinin, 9 ga Satumba

Cenning ta tambayi tsofaffin fina-finan da na wanke hotuna daga ciki. Na ce ai danshi ya cinye su tuntuni. Sanneng na tsintar shinkafa, ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Wane danshi? Ba su ne a gwangwanin biskit a saman kabad ba, wanda kake sata mini ɗanyar shinkafa kana zubawa don kada su jiƙe?"

Mace dai.

Na sauko mata da shi da hannuna. Ina iya zare guda ɗayan kafin in miƙa, na san inda yake, a takardar ruwan ƙasa. Ban zare ba. Ban san ko tsoro ne ya hana ni ko gajiya.

Laraba, 11 ga Satumba

Yaron yana kama yatsa da ƙarfi. Na ce wannan masunci ne. Uwarsa ta ce a'a, likita. Sanneng ta ce ku bar shi ya fara riƙe wuyansa tukuna.

Cenning ta buɗe kwamfuta ta nuna mini aikinta na bara. Wani jirgin masunta da suka tare ana zargin ya tsallako ruwan da ba nasa ba. Kafin ta ɗauki mutum ko ɗaya sai da ta ɗauki agogo, da kamfas, da lambar jikin jirgin, da hasumiyar fitila can nesa kamar tsinken ashana. Ta ce ogansu ya yi tsaki ya ce hotunanta ba su da daɗin kallo. "Na ce masa, ranka ya daɗe, ba don daɗi nake ɗauka ba." Daga baya hasumiyar nan ce ta nuna mutanen suna cikin ruwansu, aka sake su su tara.

Na ce madalla.

Ta ce, "Me kake madalla kamar baƙo? Ba kai ka koya mini uku-uku ba, a bakin ruwan nan, da gwangwanin madara a matsayin kyamara?"

Ni ne. Na koya mata daidai.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na ga Tuwo a masallaci. Sahun ƙarshe kusa da takalma, inda yake tsayawa tun da ya dawo. Ya rankwafa, gashi duk ya yi fari. Yana can ƙarshen gari wajen rumfunan shanya kifi. Hanyar zuwa wurin masu gishiri ta gaban rumfarsa ta bi, ni kuwa ta bayan kasuwa nake zagayawa.

A nan in an haifi yaro, dattawa masu mutunci ake kira ranar suna, kowa ya datsi gashi kaɗan ya jefa a ruwan ɗanyar kwakwa. Masu hannu mai albarka. Ni an kira ni ya fi sau ɗari. Yau na zauna ina lissafi, ban tuna suna ɗaya da na ga Tuwo da almakashi ba. Ko na jikokinsa, wasu aka kira. Har yanzu in yara sun yi faɗa da su sai ka ji "jikan ɗan fashi."

Lahadi, 15 ga Satumba

Ta gani.

Bayan azahar, yaro na barci. Cenning tana gaban taga tana ɗaga fim ɗin wajen haske ɗaya bayan ɗaya, ni ina baranda ina yi kamar ina gyara rediyo. Na ji takardar ruwan ƙasa ta yi ƙara.

"Baba."

Na shiga.

"Wannan igiyar, daga ina zuwa ina take?"

Na faɗa mata. Duka, har rubutun baya da yatsa. Ta sake ɗaga fim ɗin ta daɗe tana kallo, ta kalli na bango, ta sake kallon fim.

"Ka ɗauki ukun ke nan. Ka ɗauka daidai."

Na ce na ɗauka.

"Lokacin ba ka iya karatu ba. Wannan na ji." Ta ɗago ta dube ni. "Yaushe ka karanta?"

Na ce kina aji huɗu.

Ta ajiye fim ɗin a hankali kamar ƙwai. Ta ce, "Na tsaya gaban sababbin ɗauka ashirin na nuna musu hoton nan, na ce mahaifina ne ya ɗauka, ku ga abin da ake kira ƙarfin hali." Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga. Yaro ya motsa, ta ɗauke shi ta shiga ɗaki ta saki labule.

Litinin, 16 ga Satumba

Da Cenning tana kiransa "ƙaramin Sessu." Yau "yaron nan" na ji tana cewa.

Talata, 17 ga Satumba

Sanneng ta same ni wajen awaki. Ta ce, "Shekara talatin kana zagaye kasuwa don sayen gishirin da ke nan kusa, kana cewa motsa ƙafa kake. Ka ɗauka ni makauniya ce?" Na ce kin sani ke nan. Ta ce ba ta san mene ne ba, ta dai san akwai. "Ni ma ban tambaya ba, Daeng. Nawa laifin ke nan. Amma kai naka ya fi girma, kada ka ce za mu raba."

Na ce Kyaftin ya mutu, Wiryo ya mutu, kotun ma wa ya san inda takardunta suke. Me ya rage?

Ta ce, "Tuwo ya rage. Shi ma ba daɗewa zai yi ba, ka ji tarinsa kuwa?"

Da na hau sama na tarar da ambulan a kan dardumata. Hotuna uku, sababbin wanki, Cenning ta aika gari an bugo. Ba rubutu, ba komai. Ban taɓa ganin na farkon da girma haka ba. Ga Dutsen Kunkuru, ga bayan jirginmu da hayaƙinsa, ga igiya a miƙe kamar tsarkiyar baka, ga goshin kwalekwale a cikin ruwa. Yaro ɗan shekara biyar ya kalla zai faɗa maka abin da ke faruwa.

Laraba, 18 ga Satumba

Na je. Ta hanyar bakin teku.

Tuwo yana juya kifi a kan shimfiɗar gora. Ya ɗago ya kare rana da hannu. "A'a, Daeng Sessu mai hoto. Ɓatan hanya ka yi?" Na ce wurinka na zo. Ya ce to zauna, kujera dai babu, ga bokiti.

Duk abin da na shirya faɗa ya gudu. Na miƙa masa hotunan kawai. Ya goge hannu a zanensa ya karɓa. Na ukun ko daƙiƙa bai yi a kai ba, ya san shi. Na farkon ya kai kusa da ido, ya yi nesa da shi, ya sake kawowa. Sai ya ɗora ɗan yatsa a kan wani ɗigo a tsakiyar kwalekwale.

"Babana ke nan."

Na ce shi ne.

"Ba ni da hotonsa ko ɗaya. Da na dawo har kabarin sai da aka nuna mini." Ya daɗe yana kallon ɗigon nan. Ba fuska, ba komai, mutum ne dai a dunƙule da hular kaba. Shekara talatin da takwas yana cikin gwangwanin biskit a gidana.

Na ce ga igiyar nan ta fito, ka gani. Ya yi wata dariya da ta zama tari.

"Ni kake nuna wa igiya? Ni da ta ci mini tafin hannu?" Ya buɗe hannun, tabon na nan. "Ai ina wurin, Sessu. Na faɗa wa alƙali akwai igiya, ya ɗaga hotonka ya ce ina take."

Na ce ka yafe mini.

Ya dubi hagu ya dubi dama. "A nan? Gaban kyanwoyi da ƙudaje? Wancan a jarida ya fita. Yana falonka, duk wanda ya je barka da salla a ƙarƙashinsa yake shan gahawa. Shi a bainar jama'a, wannan kuma a bayan rumfar kifi."

Can na ji bakina yana cewa ranar Lahadi sunan jikana, ka zo ka fara datsar gashi. Ban shirya wannan ba, wallahi.

Ya kalle ni sama da ƙasa. "Za ka miƙa wa ɗan fashi ƙarfe a kan jikanka?" Ya koma juya kifinsa. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya maido mini biyu. Na farkon ya cusa a cikin riga.

Alhamis, 19 ga Satumba

Na sauke hoton bangon falo. Inda yake katakon ya fi sauran haske, murabba'i guda, kamar taga da aka toshe.

Na ce wa Cenning a sake bugo na farkon, dukansu uku a yi su manya. A igiyar ranar suna ba na son sauran hotunan, waɗannan kaɗai, a jere, ɗaya biyu uku. Ta kalle ni, ta ɗauki waya.

Na zauna rubuta bayanin da za a manna a ƙasa. Sau biyar ina yagewa. Hannuna na ajin yamma ne, haruffan manya, suna gangarowa kamar masu saukowa daga tudu. Na ce ko ta buga mini da na'ura. Ta ce a'a, wancan na bayan firam na'ura ce ta buga shi. Ta karanta, ta gyara mini kalma ɗaya, ta ce, "Ka manta wuri da kwanan wata. Da tazarar da ke tsakaninsa da sojan. Da sunanka, cikakke." Aikinta take yi a kaina kamar sabon ɗauka. Na ji daɗin hakan, ko ba komai magana ce.

Ta ce in ta koma za ta rubuta wa ma'ajiyar hotunan runduna a haɗa biyun da na ukun. Ta ce kada in sa rai da wuri, kuma ba zai maido wa kowa shekara bakwai ba. Na sani.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na kai wa liman sunayen masu datsar gashi. Ya ga na farko ya ɗaga gira, ya ce, "Daeng, ka tabbata?" Na ce ka zo da wuri ranar, akwai abin da za ka karanta.

Rukka ya ji. Tare muka yi aiki a jirgin, shi a wajen inji, tare muka yi ritaya, kullum da safe tare muke shan gahawa. Ya tare ni a ƙofar masallaci. "Kai, tsufa ne ya taɓa ka? Abin da ruwa ya rufe ka bar shi a rufe. Dukanmu za ka tona, in ba ni ba wa ya ba inji wuta ranar?" Na ce sunana kaɗai na rubuta. Ya ce mutane ba wawaye ba ne. Ya tafi ba sallama.

Asabar, 21 ga Satumba

Surukina ya iso, ya ga ɗansa ya yi ta kuka kamar shi aka haifa. Mata sun cika gida, ƙamshin kwakwa da citta ko'ina. Daga wajen rumfunan kifi ba labari. Har yanzu ban san sunan da za a raɗa gobe ba, kuma ban tambaya ba.

Litinin, 23 ga Satumba

Jiya ban samu zama ba.

Tun da safe na ɗaura igiyar da kaina tsakanin turaku biyu, na maƙale hotunan. Mutane suka fara zuwa da fara'a, "Kakan yaro, barka!" sai su je wajen hotuna, sai fara'ar ta tsaya. Masu karatu suna karanta wa marasa yi. Na ji rubutuna a bakin mutane, da ƙarfi, har da sunana a ƙarshe. Na tsaya a gefe ban gudu ba, ko da yake ƙafata ta so. Wata tsohuwa ta dube ni ta tofar da yawu gefe. Wani ya ce, "Ashe." Shi ke nan abin da ya ce, ya fi zagi ciwo. Rukka bai zo ba.

Aka gama karatu, aka fito da yaro, liman ya riƙe almakashi yana duban hanya. Ba Tuwo. Har na ce a fara. Sai ga shi yana tahowa a hankali, da wata tsohuwar kwat mai warin kafur da baƙar hula, 'ya'yansa biyu a bayansa, ɗanyar kwakwa a hannu. Shi ya sare kanta da addarsa tun daga gida. Sanneng ta ɗauke tamu daga faranti ta sa tasa.

Bai kalli hotunan ba. 'Ya'yansa ne suka tsaya gabansu, babban ya karanta har sau biyu.

Tuwo ya karɓi almakashi. Cenning da kanta ta matso masa da kan yaron. Ya datsa, ya jefa a ruwan kwakwa, ya shafa goshin. Sai ya ce, yadda kowa zai ji, "Kunnuwan kakanka ka ɗauko. To Allah ya sa kai ka ji da su." Aka yi dariya, irin wadda ake yi bayan an daɗe da riƙe numfashi.

Daidai nan Cenning ta sa mijinta ya tura mini kyamararta a hannu. Rabona da ɗauka tun ritaya. Na ɗaga, fuskar Tuwo ta cika madubi, kyakkyawa, da hawaye a gefen hanci. Na sauke. Na ja baya, na ja baya, har na taka igiyar turken akuya na kusa faɗuwa. Daga can komai ya shigo, turakun gida, jama'a, hotuna uku a bayansu, teku. Sannan na matso.

Mappasessu aka raɗa. Da na dubi Cenning sai ta ce, "Kada ka ɗauka don hoton ne." Ban tambayi don mene ne ba.

Tuwo bai ce ya yafe ba. Ya ci shinkafa da naman akuya, ya ce gishiri ya yi kaɗan, ya tafi. Wataƙila ba zai taɓa faɗa ba, kuma ba ni da bakin nema. Tsohon da ke rungume da benci dai bai ga wannan ranar ba. Shekara ashirin da ɗaya da na iya karatu, da na yi tun lokacin, da matar Tuwo ma ta gani kafin ta rasu. Wannan yana nan, ba inda za shi.

Yau da safe gishiri ya ƙare, na bi ta bakin teku. Ta fi kusa ne kawai.

Sanneng ta ce a sauke hotunan, suna ya wuce, tana son wurin shanya. Na ce a bar su zuwa Juma'a, ko wadda ke bayanta. Na fito da kujera bakin hanya, yaron a cinyata in uwarsa ta yarda, duk wanda ya gifta sai na tsayar da shi. Masu zuwa kasuwa, masu dawowa daga ruwa, 'yan makaranta, har Rukka in ya biyo. Ku ratso, jama'a, akwai sauran gahawa. Ku zo ku ga jikana da kunnuwansa. In kun gama ku shiga ƙarƙashin gida, ku fara daga na hagu, kada ku yi sauri. Ku zo ku ga igiyar.